Sarkin Daura Abdurrahman Ɗan Musa da Renon 'Ya'yan Ƙasarsa

Sarkin Daura Abdurrahman ɗan Sarki Malam Musa ne, shi kuwa Malam Musa ɗan Nuhu ne, daga zuriyar sarakunan Haɓe waɗanda suka riƙe Daura tun kafin jihadi. Ya gaji mahaifinsa cikin shekarar 1911, ya zauna bisa gadon sarauta har Allah ya karɓi ransa cikin 1966, watau shekara 55 ke nan. Cikin zamanin nan nasa an yi Sarkin Musulmi biyar a Sakkwato, tun daga Attahiru na biyu har Abubakar na uku. Kano ta ga sarakuna shida: Abbas, da Usman, da Abdullahi Bayero, da Muhammadu Sanusi, da Muhammadu Inuwa, da Ado Bayero. Ya hau sarauta tun Nijeriya ba ta zama ƙasa guda ba, don sai cikin 1914 aka gama Kudu da Arewa, bai kuwa bar duniya ba sai da ya ga Turawa sun miƙa mulki sun koma gida.

Tsawon rai dai kyautar Ubangiji ce, ba a yaba wa mutum dominta. Abin da ya sa ya kamata ma'aikata su riƙa tunawa da Sarkin nan shi ne, ƙasar da ya gada ta yi shekara ɗari a rabe uku, mutanenta suna kai wa juna hari, ba a fi shekara biyar da ɗinke ta ba aka ɗora masa ita. Ɗinki sabo ne, zare bai zauna ba. Ran da ya bar ta kuwa, samarin ƙasar ba su san rabuwar nan ba sai a bakin tsofaffi.

Ga yadda rabuwar ta faru. Bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi cikin 1804, Malam Isiyaku ne ya karɓo tutar ƙasar Daura. Wajen 1805 ya ci birnin, Sarkin Daura na lokacin, Abdu, wanda a ke yi wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa. Ba su yi nisa ba, ba su kuma saki sunan sarautarsu ba. Suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har wani reshe na gidan ya kafu a Zango wajen 1825, wani kuma ya kafu a Baure. Sai ga Daura uku, ko wane sarki cikin ukun nan yana ganin shi ne Sarkin Daura na gaskiya. Na birni yana bin Sakkwato, na Zango da na Baure suka jingina da Damagaram, wadda ta ƙasaita ƙwarai zamanin Sarki Tanimu mai igwa.

To, a dubi yaron da aka haifa cikin wannan hali. Tsakanin Zango da Daura ba ta cika tafiyar yini guda a ƙasa ba, amma yaron Zango yana iya girma har ya yi gemu bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba. Abin da ya ke ji tun yana goye shi ne, ga gidan kakanninsa can a hannun waɗansu. Yaron birni kuma abin da ya ke ji ke nan game da mutanen Zango, cewa su ne ma su jawo mayaƙan Damagaram su kwashe dabbobi da mutane. Noma sai kusa da ganuwa, da magariba a rufe ƙofa, in an ji kuge kowa ya janye ɗansa cikin gida. Wanda hari ya rutsa da shi a jeji, labarinsa ya ƙare, sai dai a ji an gan shi a kasuwar bayi ta wata ƙasa. Gaba ita ma makaranta ce, makarantar da ba a biyan malaminta, ba ta hutun Alhamis da Juma'a, ɗalibinta kuwa ba ya mantuwa. Cikin ƙarshen wannan zamani aka haifi Abdurrahman, a gidan da aka kora.

Faransa ta kama Damagaram cikin 1899, Turawan Ingila suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903. Da ƙasashen nan biyu suka ja iyaka tsakaninsu, sai ta ratsa tsohuwar ƙasar Daura, garuruwa irin su Magarya suka faɗa hannun Faransa, suna cikin Jamhuriyar Nijar yau. A Kano da Katsina da Zazzau Turawa sun canja sarakuna, amma sun bar sarauta cikin gidajen Fulani. A Daura kuwa sai suka yi abin da ba su yi a can ba. Cikin 1906 suka sauke Murnai, sarkin Fulani na ƙarshe, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a birni, aka kuma gama Zango da Baure da Daura ƙarƙashin sarautarsa.

Wanda ya san labarin Bayajida zai ga abin mamaki a nan. Cikin labarin an ce ɗan da ƙwarƙwara ta haifa masa an sa masa suna Karɓagari, da Daurama ta haifi nata sai aka sa masa Bawo, watau a mayar wa mai gari garinsa. Ashe tun cikin tatsuniyar kafuwarta Daura ta san karɓe gari da mayar da gari tsakanin 'yan gida ɗaya. Labarin nan kuwa baki biyu gare shi. Tsohuwa tana iya ba jikanta shi don ya tashi da neman ramuwa, tana kuma iya ba shi don ya san cewa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram tsatsonsu ɗaya. Labari guda ne, bambancin yana wajen mai bayarwa.

Malam Musa ya yi shekara biyar a birni, sauran aikin ya faɗa wuyan ɗansa. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Gidan da aka kora ya dawo, waɗanda suka zauna a wurin shekara ɗari suna nan, da gonakinsu da rijiyoyinsu da kaburburan iyayensu. Kasuwa ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama zauren alkali yana rubuta ƙara ya san yadda gardamar kan iyakar gona, ta taku biyu tak, ta kan wuce daga uba zuwa ɗa har jika, balle a ce gari ne sukutum. Da sabon Sarki ya ba masu son ramuwa fuska, da ba a rasa wanda zai fito da tsohon lissafi ba.

Gaskiya ne Turawa sun hana yaƙi, Razdan da Di'o suna nan, soja kuma ba su da nisa. Amma bindiga hannu ta ke riƙewa, ba ta kai ga abin da uwa ke faɗa wa ɗanta cikin ɗaki. Shaidar cewa an yi wani aiki banda na bindiga ita ce, Turawa sun tafi cikin 1960, rabuwar ba ta dawo ba. Har yau ƙananan hukumomi biyar, watau Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, Sarki ɗaya su ke yi wa gaisuwa.

Shekarun farkon sarautarsa ba su zo da sauƙi ba. Cikin 1913 damina ta ƙi, aka shiga babbar yunwar nan da a ke kira Kakalaba, wadda ta fi tsanani a ƙasashen arewa ma su rairayi irin Daura. Ba a farfaɗo ba yaƙin duniya na farko ya tashi, a ƙarshensa kuma, cikin 1918, annobar mura ta bi gari gari. A wannan tsakanin ne jirgin ƙasa da ya iso Kano ya buɗe cinikin gyaɗa, aka kuma kafa baitulmali, sarki da hakimi da alkali da malamin haraji kowa aka yanka masa albashi. Waɗannan duk an sha ba da labarinsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda aka reni yaran da aka haifa cikin shekarun nan.

Makarantar allo ce farko, ita ce kuwa abu guda da yaƙin shekara ɗari bai raba ba. Malamin Zango da na birni Alkur'ani ɗaya su ke biya wa yara, in ɗalibi ya sauke ya shiga littattafai, Ahalari da Ishmawi da Risala ne nan da can. Shi kansa mahaifin Sarki da sunan malanta aka san shi. Sabo da haka da hanya ta buɗe, almajiri ya iya ɗaukar allonsa da buzunsa ya tafi wurin ko wane malami ba mai tambayarsa gidan da ya fito. Abin da yaro ke koyo a gindin malam kuwa ya wuce baƙi da farfaru. Yana koyon ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da na gaba, ya jira layinsa wajen biyawa, ya ci tuwo akushi ɗaya da wanda bai san ubansa ba. In biyu sun yi faɗa, gardi ya raba, a kai su gaban malam, kowa ya faɗi nasa, wanda ya yi laifi ya ba da haƙuri. Wannan ita ce shari'ar farko da ɗan Hausa ke gani, mutum kuwa in ya saba tun yana ƙolo da kai ƙara wurin babba, da wuya in ya girma ya fara da sanda.

Na biyu riƙo ne da auratayya. Al'adar ƙasar Hausa ce mutum ya ba ɗan'uwa ko amini ɗansa ya rena, manyan gidaje kuwa su ne a kan tara wa marayu. Misali guda ya isa, don kowa ya san mai shi. Cikin watan Disamba 1942 aka haifi Muhammadu Buhari a Daura, ɗan Ardo Adamu, Bafillatani. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, Waziri Alhasan, ɗan Sarki Musa, watau ɗan'uwan Sarki Abdurrahman, shi ya ɗauki nauyin gidan. Ɗan gidan Haɓen da Fulani suka kora, ga shi yana renon marayan ardo, ba wanda ya ga abin a bakin kome, don a lokacin ya riga ya zama ba kome ba. Yaron nan ya yi elementare a Daura da Mai'aduwa, ya wuce Midil ta Katsina cikin 1953, ya shugabanci Nijeriya yana soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, kana aka zaɓe shi ya yi daga 2015 zuwa 2023. Da ya rasu cikin Yuli 2025, Daura aka kawo shi aka binne.

Akwai kuma wasan nan na dangi da ƙabilu wanda baƙo kan ɗauka shiririta ce: tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na Katsinawa da Nufawa. Yaro tun yana bin taubashinsa kuɗin shara ran Cika-ciki ya ke gane akwai maganar da a kan faɗa a yi dariya, wadda in an faɗe ta da wata fuska sai a zare wuƙa. Magabata da suka bar wannan al'ada sun san abin da su ke yi.

Na uku makarantar boko, ita ce kuma ta fi shafar ma'aikata, don ta En'e ce. Bature Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, lokacin nan Daura tana cikin Lardin Kano. Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don koyar da malamai. Wajen 1930 aka tsara karatu hawa hawa, elementare shekara huɗu, sa'an nan Midil a babban birnin lardi. Cikin 1934 aka kafa Lardin Katsina, aka gama masarautar Katsina da ta Daura a ciki, yaran Daura ma su ci gaba suka riƙa tafiya Midil ta Katsina. Ita elementare kuwa, gininta da albashin malamanta da allunanta duk daga baitulmalin En'e su ke fitowa, watau daga haraji da jangalin talakawa, da sunan Sarki. Ɗibar yara ma da umurninsa a ke yi, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa.

Kada a ɓoye, mutane ba su so ba. A ƙasar Hausa duka iyaye sun ga boko hanyar Nasara ce, a kan ɓoye yaro cikin rumbu ko a tura shi ƙauye wurin kaka, mai hali kuma ya miƙa ɗan baransa maimakon nasa. Sai dai wannan ɗibar ta tilas ta haifi abin da ba a nufa ba. Da ya ke ko wace gunduma sai ta kawo nata kason, sai aji guda ya tara ɗan hakimi da ɗan maƙeri da ɗan mahauci da ɗan Bafillatanin gida, waɗanda da an bar su da wuya su haɗa tabarma. Malam kuwa wanda ya ci lissafi shi ya ke yaba wa, ba ya tambayar ko kakansa ya zauna Zango ko birni. Wanda ya fi natsuwa shi a kan naɗa monita, ko da ɗan talaka ne, ɗan sarauta ya bi umurninsa wajen shara da ban ruwan lambu. Da yamma a raba su gida biyu a buga ƙwallo, wanda aka ci ya ba wanda ya ci hannu, gobe a sake rabo, abokin gaban jiya ya zama na gefenka.

Cikin jerin darussa akwai karatu da rubutu da Hausa, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, da aikin hannu, da addini wanda malamin Arabiyya ke koyarwa. Ba wani darasi da aka rubuta wa suna zaman lafiya. Ta cikin littattafai da zaman aji ya ke shiga. Yaro ya fara da Ka Koyi Karatu, ya bi da Ka Ƙara Karatu, in ya ƙware a miƙa masa Magana Jari Ce, wanda Malam Abubakar Imam ya rubuta a Zariya cikin 1936, sa'ad da ya ke malami a Midil ta Katsina, aka fara buga shi cikin 1937. Yaran Daura sun sami abin murmushi a littafin nan, don sarkin da ke cikinsa sunansa Abdurrahman, ɗansa kuma Musa, sunayen fadarsu ne aka juya. Ginshiƙin labarin kuwa abin lura ne. Yaƙi ya tashi tsakanin sarkin nan da Sarkin Sinari a kan maganar aure da wulakancin da aka yi wa manzo, kana aku ya tsare ɗan sarki daga faɗawa tarkon mugun waziri, ba da takobi ba, da labaru kurum, dare bayan dare. Yaron da ya karanta wannan yana ɗan shekara goma ya ga harshe ya ta da yaƙi, ya kuma ga harshe ya ceci rai, tun kafin a ce masa ga ma'anar abin.

Masu aikin shari'a su ne za su fi gane amfanin wannan. In aka bi ƙararrakin rauni da ke zuwa gaban alkali aka tono asalinsu, sau da yawa ba gona ba ce, ba bashi ba ne, kalma ce. An yi wa wani gorin asali a bakin rijiya, ko an ambaci uwar wani a kasuwa. Ko ɓarnar shanu, wadda ta kan yawaita da kaka kafin a gama kwashe amfanin gona, tana ƙarewa da sauƙi in mai gona ya kira mai unguwa da ardo aka kimanta ɓarna aka biya. Inda ta ke zama jini shi ne inda aka gama ta da zagin ƙabila. Manomi da makiyayin da suka taɓa zama aji ɗaya, ko suka yi tilawa gindin wuta ɗaya, su kan yi faɗa, amma faɗan Audu da Jaɓɓo ne, ba ya zama na Haɓe da Fulani.

Ba a ce aikin ya cika ba. Makarantun kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawan yaran ƙasar, 'yan mata kuwa sun fi ƙaranci. Bulala ta yi yawa a hannun waɗansu malamai, yaron da aka saba masa da duka kuwa ya kan ɗauka duka ne maganin gardama. Waɗansu da suka fito suka sami aikin En'e sun riƙa duban manomi a wulakance, wannan ma wata sabuwar rabuwa ce. Babban giɓi shi ne na ruga: an bi makiyayi har mashaya an ƙirga shanunsa don jangali, ba a bi ɗansa da allo ba. Sai cikin 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya. Wanda ya ga abin da ya sami yammaci da kudancin Jihar Katsina a 'yan shekarun nan, har aka shiga makarantar Ƙanƙara cikin Disamba 2020 aka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji, ya san kuɗin giɓin nan bai gama biyuwa ba. Da yawa cikin ma su ɗauke da bindigogin samari ne waɗanda suka tashi ba allo ba boko, ba wanda ya taɓa zaunar da su tabarma ɗaya da ɗan manomi. Ma'aikacin da takardar gyaran aji ko ta albashin malamin ƙauye ta zo teburinsa ya ture ta gefe, ya kamata ya san abin da ya ture.

Tsufan Sarki Abdurrahman ya zo daidai da shigowar siyasa. Cikin 1950 aka kafa NEPU a Kano, NPC kuma ta zama jam'iyya cikin 1951, gardama ta shiga ko wane gari na Arewa, wa da ƙane suka daina gaisawa. Abin da ya fi damun dattawa a lokacin shi ne yadda a ke tara yara a koya musu waƙoƙin zambo su bi gari suna yi wa manya. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa, wadda ta hana sa ƙananan yara cikin harkar siyasa. 'Yan hamayya suka ce da su a ke, aka kai magana Babban Kotu, cikin 1960 kotu ta tabbatar da dokar. Ko wane ne ke da gaskiya cikin wannan, abu guda ya fito fili, watau duka ɓangarorin biyu sun san wanda ya riga kama yaro shi ya kama gari. Sarkin da ya tashi cikin gidan gudun hijira ba ya bukatar a gaya masa haka.

Cikin shekarun nan ne wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo Daura ya zauna da dattawan fada da na Zango da na Baure, ya rubuta tarihin sarautun nan uku, littafin ya fito cikin 1978. Abin lura shi ne, ya sami ko wane gida yana riƙe da labarinsa, da jerin sarakunansa da yaƙoƙinsa. Ba a manta ba ke nan, ba a kuma hana kowa faɗin nasa ba. An dai daina ba yara shi a matsayin bashin da za su biya. Da Salla, da ran hawan Magajiya, da lokacin Sallar Gani, hakiman ƙasar Zango da na Baure su kan shigo birni da dawakinsu da 'yan lifidansu, su yi sukuwa har gaban Sarki, su ja linzami su ɗaga hannu su yi jinjina, yara na bisa katanga suna kallo. Irin sukuwar nan ce kakanninsu ke yi wa ganuwar nan da mashi a hannu.

Shekarar 1966 ta zo wa Arewa da nauyi. Ran 15 ga Janairu soja suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka yi tarzoma da zub da jini a garuruwa da dama cikin Mayu, aka kuma yi wadda ta fi ta muni wajen ƙarshen Satumba. Cikin wannan shekara Sarki Abdurrahman ya rasu, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Bayansa kaɗan aka karɓe kotunan alkalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 aka shafe En'e ɗin kanta aka kafa ƙananan hukumomi, a shekarar nan kuma aka buɗe karatun firamare kyauta ga kowa. Daura ta shiga Jihar Katsina da aka ƙirƙiro cikin 1987.

Jikansa Muhammadu Bashar ne ya gaje shi, ɗan makarantar boko, wanda ya riƙe sarautar Wamban Daura, ya kuma yi minista cikin gwamnatin Sardauna a Kaduna. Shi ma ya daɗe, ya yi shekara 41, ya rasu cikin 2007, aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar, Sarki na 60 bisa ƙidayar fada. Watau daga 1911 zuwa 2007, shekara 96, sarakuna biyu kaɗai aka yi a Daura, kaka da jikansa.